Babi na Shida: Mabuɗin Adakar Kawu

Bayan sadakar arba'in ɗin kawuna, uwargidansa ta aika yaro ya kira ni. Na same ta a tsakar gida a Sule Tankarkar tana ɓarar zoɓo, ga wata tsohuwar adaka a gefen tabarma. Da muka gama gaisawa ta nuna adakar da haɓa.

"Ɗan nan, ga kayan kawunka nan. Magada sun duba, babu kuɗi, babu takardar gona. Wani ma cewa ya yi rubutun tsibbu ne, a haƙa rami a binne. Ni kuwa na san ba shi ba ne, don a gabana yake yin abinsa in yana sauraron labaru a rediyo. Kai ne mai son takarda, ɗauki ka tafi da su."

"To Inna, Allah ya saka muku da alheri. Shi kuma Allah ya kai haske kabarinsa."

Littattafan rubutu ne guda 31, 'yan sirara, irin waɗanda ake buɗewa ta ka. Kowane shafi cike yake da zanen fensir: sanda a tsaye, sanda a kwance, lauje, ƙugiya, ɗigo, wani na zaune a kan layi, wani ya ratsa layin, wani yana samansa. In ban da kwanan wata da lambobi, sai 'yan kalmomin ajami jefi-jefi, babu abin da idona ya kama. Sunan abin dai na san shi, na sha ji a bakinsa: shothan, rubutun gaggawa da sakatare ke ɗaukar magana da shi tun tana fita daga bakin mai ita. Amma ban taɓa cewa ya koya mini ba, sai ga shi ya tafi ya bar mini aikin hannunsa na shekara da shekaru a kulle.

A zamanin da kawu ya tashi, wannan rubutu tsani ne. Tun kafin samun 'yancin kai, abin da ya fi damun gwamnatin Jihar Arewa shi ne ƙarancin 'yan ƙasa a teburan ofis. Akawu da mai buga tafireta da sakatare yawancinsu daga kudu suke. Makarantar horar da akawuna da aka buɗe a Zariya a ƙarshen shekarun 1940, wadda a 1954 ta zama cibiyar koyon aikin mulki ta Kongo, tana cikin matakan da aka ɗauka don cike wannan giɓi, kuma Sardauna ya dage a kan a mayar da aikin Arewa hannun 'yan Arewa. Kawu bai kai Zariya ba. A wata 'yar makarantar koyon tafireta a Sabon Garin Kano ya koya, da yamma, cikin shekarun 1970, lokacin ƙasar Gumel tana cikin Jihar Kano. Ana auna ɗalibi da gudun hannunsa: kalma 80 a minti ɗaya, sannan 100, sannan 120, kowane mataki da matsayin da yake kai mutum da albashinsa. Mai rubutun boko na yau da kullum, komai zafin hannunsa, da ƙyar yake wuce kalma 30. Shi ya sa a ɗakin taro mai shothan kaɗai ke fita da maganar kowa cikakkiya.

Na ce a raina abin ai mai sauƙi ne, ƙamus zan nema. A ƙasarmu littafi bai cika zuwa kasuwa ba. Ka je Maigatari ranar Alhamis, za ka sayi raƙumi, ka sayi buhun riɗi, ka sayi wayar salula. A wajen masu shimfiɗa za ka samu Ishiriniya da Ahalari da Iziyya da littattafan jarrabawar yara. Wanda ke neman abin da ya wuce haka, sai ya shiga mota zuwa Gumel, ya bi ta Gujungu ya sauka Kano. Haka na yi, na nufi masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari.

Mutum biyar na tambaya kafin na samu wanda ya taɓa jin kalmar. Shi ma wani dattijo ne, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yallaɓai, ai ka makara. Irinsu masu ƙosai da masu tsire muke auna wa a kilo. Wa ke karanta wannan yanzu?" Duk da haka ya tona wani kwali ya zaro littafi mai kauri, ga kalmomin Turanci a jere, ga zane a gaban kowace. Ban tsaya dogon bincike ba, na biya na kamo hanya.

Da na zo gida na jera shi da littattafan kawu, sai na ga ba su ko yi kama ba. Zanen ƙamusun a kwance yake, mai lanƙwasa da zagaye, kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Na kawu kuwa yana da kusurwoyi, wani layin siriri, wani an danna fensir ya yi kauri. Aka ce mini akwai wani tsohon abokin aikinsa a Gumel da ya yi ritaya yana zaune a gida. Na je na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa littafin. Bai buɗe fiye da shafi ɗaya ba ya mayar mini.

"Ɗana, wannan ai na Amurkawa ne, Gregg. Mu Pitman muka yi. Mabuɗin gidan wani ka sayo."

A zauren nan na fara gane cewa shothan ba guda ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne abu na farko da mai sayen ƙamus na hannu zai riƙe. Wani malamin makaranta a Ingila, Isaac Pitman, shi ya fito da nasa tsarin a 1837 yana da shekara 24, kuma da shi Turawan mulki suka zo mana. John Robert Gregg, mutumin Ailan, ya fito da nasa a 1888, ya kai shi Amurka inda ya samu karɓuwa. A 1968 wani tsohon malamin Pitman, James Hill, ya ƙirƙiro Teeline, wanda aka gina a kan haruffan boko da aka rage wa jiki. Shi ne 'yan jaridar Ingila ke koya har yau. Duk ukun suna iya faɗowa cikin kwalin gwanjo ɗaya a Kano, kuma mai sayarwa bai san bambancinsu ba, ba laifinsa ba ne. Ko cikin Pitman ɗin ma gida biyu ne: akwai New Era na 1922, akwai Pitman 2000 da aka fitar a 1975, wanda aka sauƙaƙa aka rage masa ƙa'idoji da gajerun alamomi da yawa. Wanda ya koyi na biyun zai ta tuntuɓe a rubutun mai na farkon. Dattijon ya duba shafi biyu na kawu, ya ce, "Tsohon ne, New Era. Shi za ka nema, kada ka karɓi wani."

Tafiya ta biyu na samu abin da na zaci shi ke nan. A wani shagon ɗaukar hoton takardu kusa da wata makaranta, an nuna mini New Era ɗin, an ɗauke shi a inji an ɗinke da roba, farin fes, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Na kai wa dattijon ina murna. Ya ɗaga shi saitin hasken ƙofa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa yatsa a kan wata kalma ya ce in faɗa masa, layin nan siriri ne ko mai kauri. Na duba, na kasa.

Ga dalilin. Pitman sauti yake rubutawa, ba haruffa ba, kuma ya haɗa sautuka bibbiyu 'yan uwan juna ya ba su zane ɗaya. Sanda a tsaye in siririya ce T ce, in mai kauri ce D. Sanda a kwance siririya K, mai kauri G. Wadda ta karkata siririya P, mai kauri B. Haka F da V, haka S da Z. Wasula kuma ɗigo ne ko ɗan karan layi a gefen sandar, su ma da mai nauyi da marar nauyi. Injin ɗaukar hoto, musamman in hoton hoto aka ɗauka, yana kumbura siririn layi ya cinye mai kauri, ya haɗiye ɗigon gaske, ya yayyafa nasa ɗigon na ƙurar gilashi. A littafin labari wannan ba komai ba ne, ido zai cike abin da ya ɓata. A nan kuwa kaurin layin shi ne karatun. Ɗalibin da ya koya daga irin wannan kwafi, kuskure zai haddace, kuma fitar da kuskuren da hannu ya saba da shi ya fi koyon sabon abu wahala. Don haka tsohon bugu na asali, ko da bangonsa ya fita, takardarsa ta yi ja kamar an jiƙa ta da ruwan goro, ya fi sabon kwafi nesa ba kusa ba. Ina faɗin wannan da ƙarfi don na ga 'yan makaranta da yawa riƙe da irin waɗannan kwafin, kuma kuɗin da iyayensu suka tara da sayar da wake ko akuya ne ya tafi a kansu.

Sai bayan wata huɗu dattijon nan na Sabon Gari ya bugo mini waya. Wasu sun kawo masa buhun littattafan mahaifinsu da ya rasu, ya ga abin da na kwatanta masa a ciki. Na je. Bangon ya koɗe, gara ta ɗan lashi gefen wasu shafuka amma ba ta shiga rubutu ba. Ya faɗi kuɗi, na taya, ya ce albarka, na ƙara, ya ce, "Saboda wahalar hanya da ka sha, na sallama." A cikin bango akwai sunaye uku da hannu uku daban-daban, na farkon da alƙalamin tawada da sunan wani gari na kudu. Kowannensu ya bar alama: wani ya ja layi a ƙarƙashin kalmomin ofis, wata ta rubuta gudun da ta kai da ranar da ta kai shi a shafin ƙarshe, daga 60 har 100. Wannan ma wata riba ce da ba a samu a sabon littafi. Ka ga inda na gabanka suka sha wahala, ka san inda za ka rage gudu.

Akwai abin da ban sani ba sai da littafin ya shigo hannuna, kuma gara in faɗe shi don kada wani ya yi zaton da na yi. Ƙamusun shothan hanya ɗaya yake bi: daga kalma zuwa zane. An jera shi bisa abacada na Turanci, ka nemi kalmar, ya nuna maka yadda ake zana ta. Ba za ka ɗauki zane ka neme shi ba. Don haka shi kaɗai ba ya karanta maka komai. Sai ka fara da littafin koyo, ka san sanduna da ƙugiyoyi, ka san ƙaramin zagaye S ne, ka san in an rage tsawon sanda da rabi an ƙara mata T ko D, ka san zaman kalma a saman layi ko a kansa ko ratse da shi yana nuna irin wasalinta. Daga nan ka yi hasashen kalmar, sannan ka koma ƙamus ya gaskata ka ko ya ƙaryata ka. Mai saye ya nemi biyun tare, littafin koyo da ƙamus, kuma su zama na gida ɗaya.

To me ya sa su kawu suka riƙe ƙamus kamar guzuri, alhali ƙa'idar ta ce abin da kunnenka ya ji shi za ka zana? Saboda kunnen da Pitman yake nufi na Bature ne. Tsarin yana da wasula 12 da tagwayen wasula 4. Mu kuwa a, e, i, o, u muka sani, da gajere da dogo, sai tagwaye biyu. Bahaushe ba ya raba P da F a harshensa. A wajenmu nan arewa ma sau da yawa F ɗin H take komawa, mu ce hula, mu ce hita. Idan shugaban ofis ya furta wata kalma mai P, kunnen akawu ya ji F, sai hannunsa ya zana lauje a inda ake son miƙaƙƙiyar sanda, gobe ya zo bugawa a tafireta ya rasa abin da ya rubuta. Sautin da Turawa ke fitarwa da harshe tsakanin haƙora kuwa, mu S ko Z muke jin sa, shi kuma zanensa daban. Ɗan Landan yana buɗe ƙamus jefi-jefi don tabbatarwa. Ɗan Gumel kuwa ƙamusun ne malaminsa na furuci, a ciki yake ganin da idonsa bambancin da kunnensa bai saba ji ba. Dattijon nan na Gumel ya ce mini shi Turancin bakinsa a nan ya miƙe, ba a aji ba.

Amma akwai inda mu ma muka riga su. Duk wanda ya yi makarantar allo ya wuce zuwa littattafai ya san karatun da babu wasali: ƙasusuwan kalma kaɗai ake rubutawa, ma'anar jimla ita ke gaya maka fataha ce ko kisira ko rufu'a. Haka ƙwararren mai Pitman yake yi, in gudu ya yi gudu zubar da wasula yake, ya bar baƙaƙe zalla. Abin da ke firgita ɗalibin Ingila, almajiri ya saba da shi tun yana yaro. Taƙaita rubutu ma ba baƙonmu ba ne. Malaman fiƙihun Malikiyya sun san harafi ɗaya ko biyu da ke tsayawa a madadin sunan babban malami a cikin hashiya, kamar ha'un Haɗɗabi. Mawaƙanmu na da suna rufe waƙa da ramzi, 'yan haruffa su ɗauke shekara guda. Ita kanta kalmar ƙamus daga sunan littafin Firuzabadi ta fito, Al-Ƙamusul Muhiɗ, wato teku mai kewayewa, kuma shi wannan malami da ya rasu a 817 bayan Hijira ya yi amfani da haruffa ɗaiɗai don rage tsawon littafinsa: jimun yana nufin jam'i, dalun gari, ainun wuri, mimun abin da kowa ya sani. Kawu ya haɗa gadon nan biyu a shafi ɗaya. Taro da Hausa ake yin sa, rahoto kuma da Turanci ake so, don haka yana ji yana juyawa a ka yana zanawa. In ya iso kan sunan gari ko sarauta ko wata kalma mai ɓ, ɗ, ƙ ko ts, waɗanda Pitman bai tanadar musu zane ba, sai hannunsa ya juya ya rubuta ajami daga dama zuwa hagu, ya komo ya ci gaba. Jeke, Danladi, Dangwanki, duk da ajami na same su, su ne fitilun da na fara bi.

Wanda zai je saye, ya duba shafin farko ya ga sunan tsarin da na bugun kafin komai. Ya buɗe tsakiya a wajen haske ya tabbata yana raba siriri da mai kauri ba tare da ya ƙanƙance ido ba. Ya duba farkon A da ƙarshen Z, don nan ne shafuka ke fara zubewa, masu naɗe gyaɗa kuma daga gefe suke yaga. Tabon ruwa ba ya hana karatu. Ramin gara a tsakiyar shafi shi ne asara. Abu ɗaya da nake roƙo: in ka ga hatimin ɗakin karatun wata makaranta, babu alamar cewa ita ta fitar da shi, ka bar shi. Littafin ɗalibai ne wani ya ɗauke, sayenka kuma shi zai sa a koma a ɗauko wani.

Tunda ƙafa ta kai marubuci wajen kwalayen nan, kada ya tashi bai tona neman ƙamusun Hausa ba, don makomarsu ɗaya da na shothan, a kilo ake auna su. Na Bargery, wanda aka buga a 1934, ya haura shafi 1,200, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi a 1993. Babu kamarsa wajen tattara kalmomin noma da kiwo da saƙa da ƙira, yana kuma nuna wace kalma ce ta Katsina, wace ce ta Sakkwato, wace ce ta maƙwabtanmu Haɗeja da Daura. Na sha jin kalma a bakin tsohuwa a ƙauye, in tambayi 'yan boko su ce ba Hausa ba ce, in buɗe Bargery in same ta a zaune. Akwai na Abraham na 1949 da aka sake bugawa a 1962, da ƙaramin na Skinner na Turanci da Hausa na 1965, da na Newman na 1977 da ɗalibai suka fi sani. Na Jami'ar Bayero na 2006 shi ne mai bayanin Hausa da Hausa. Tsofaffin suna da ƙa'idar rubutu irin ta zamaninsu, don haka ma'ana za ka ɗauka a wurinsu, ƙa'idar rubutu ka bi ta yau.

Na san tambayar da mai karatu ke riƙe da ita tun ɗazu: ga waya mai ɗaukar murya a aljihun kowa, me za a yi da shothan? Ko makarantun ma sun ja baya da shi. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, sababbin ofisoshin Dutse sun buƙaci sakatarori, kuma a ganina wannan ce kakarsa ta ƙarshe a wajenmu. Bayan nan kwamfuta ta shigo. A 2004 hukumar kula da ilimin fasaha da ke Kaduna ta sauya wa kwas ɗin sakatarori suna da manhaja, ta karkatar da shi ga fasahar ofis. Ba na cewa a mayar da hannun agogo baya. Amma duk wanda ya taɓa zama gaban dattijo a ƙauye yana neman tarihin gari, ya san abin da ke faruwa in an ajiye waya a kan tabarma: sai murya ta sauya, a koma yabon sarki da addu'ar zaman lafiya, maganar gaske ta gudu. Matan aure da yawa ba sa yarda a ɗauki muryarsu, kuma suna da gaskiya. Fensir kuwa ba ya tsorata kowa, ba ya neman caji a garin da wuta ke yin kwanaki ba ta zo ba. A Ingila, inda doka ta hana ɗaukar murya a kotu, har yau ana gwada ɗan jarida da kalma 100 a minti ɗaya. A kotunanmu da yawa alƙali da hannunsa yake rubuta kowace magana, shaida yana jira, lauya yana jira. Marubucin da ke son ya kama magana yadda mutane ke yin ta, da tsayawarta da kwan-gaba-kwan-bayanta, ko rabin wannan fasaha ya samu ya ƙaru. Charles Dickens da ita ya fara, yana ɗaukar muhawarar majalisa, kafin duniya ta san shi da labari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da aka riga aka rubuta. Adakar kawu ba ita kaɗai ba ce. A Gumel, a Gagarawa, a Maigatari, akwai gidajen tsofaffin akawuna da sakatarori, kuma masu iya karanta abin da suka bari suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ma'aikacin gwamnati a Ingila, Samuel Pepys, ya rubuta abubuwan da ya gani kullum daga 1660 zuwa 1669 da shothan ɗin zamaninsa, har da annoba da gobarar da ta cinye Landan. Littattafan suka zauna a ɗakin karatun wata kwaleji a Kambirij kusan shekara 100 ana ɗaukarsu rubutun sirri. Wani ɗalibi, John Smith, ya shafe shekara uku daga 1819 yana warware su da hasashe, alhali littafin koyon wannan tsari yana ajiye a ɗakin nan, cikin littattafan Pepys ɗin kansa. Su sun yi sa'a, an adana musu rubutun da mabuɗinsa a wuri ɗaya. Namu kuwa rubutun na cikin adaka a Sule Tankarkar, mabuɗin na cikin kwali a Kano yana jiran mai ƙosai.

Duk ranar Asabar nakan je Gumel da littafi ɗaya na kawu da ƙamusun a jaka. Idon dattijon ya yi rauni, don haka ni nake kwatanta zanen, shi ya yi hasashe, in buɗe ƙamus in duba. Mun gama littafi huɗu. Yawanci abin da ke ciki aikin yau da kullum ne: roƙon a yashe rijiya, rabon taki, wasiƙar neman a gyara rufin aji da iska ta yaye, saɓanin manomi da makiyayi a kan burtali, da wanda ya ce kaza da wanda ya mayar masa. Tsakaninsu akwai shafukan da ya yi ta bin mai karanta labarai a rediyo don kada hannunsa ya mutu, waɗanda Inna ta gani.

Akwai wani zane da ya yi ta dawowa, kusan kowane shafi: ɗan zagaye, layi ya hau sama, sai gajeriyar sanda a tsaye. Mun nemi duk kalmar Turanci da za ta iya zama, ƙamus ya ƙi ko ɗaya. Mako uku muna kansa. Ranar nan ina karanta masa jimlar da ya faɗo ciki, game da motar da za ta kai kaya, sai dattijon ya ɗaga hannu ya ce in tsaya.

"Sake faɗa mini. Zagaye, S ke nan. Mai hawa, L. Sandar, T." Ya yi shiru, sannan ya dafa gwiwata. "Ɗana, ai garinku ne. Sule Tankarkar. Ya gaji da juyawa ajami kullum, ya yi masa nasa zanen."

Na ciro fensir, na buɗe shafin S a ƙamusun, na rubuta sunan garin a gefe, na zana alamar kawu a gabansa. Dattijon ya ce in ɗauko littafi na biyar mako mai zuwa, in kuma zo da wuri, kafin rana ta bar zauren.